Ruwan maƙwabcina ya rushe mini katanga, ya ce daga Allah ne: wa zai biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Unguwar Rogo ne a Jos. Gidana yana gangare, na maƙwabcina yana sama da nawa. Shekara da shekaru ruwan da ke sauka daga gidansa yana bin wata 'yar kwata da ke tsakaninmu ya faɗa babban lambatu. Shekara biyu da suka wuce ya ɗora bene, ya cike kwatar ya yi shago a kanta, ya juyo da indararo uku suna zuba a gindin katangata. Na same shi ni kaɗai, na koma da limaminmu, na uku a gaban mai unguwa, kullum sai ya ce za a gyara. A watan Agustan bana katangar ta faɗi da dare, ta haɗa da bangon ɗakin ɗan hayata, ta danne masa keken ɗinki da buhun masara biyu. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Da na je masa sai ya ce ruwan sama daga Allah ne, kuma dama katangar ta ƙasa ce, ta tsufa. Ɗana mai shekara 20 ya fusata ya fasa masa gilashin mota. Yanzu ko gaisawa ba ma yi, alhali masallaci ɗaya muke salla. Ni nake riƙe da adashen 'yan layinmu, kuma kwasarsa ta naira 200,000 ta zo. Shin wajibi ne ya biya ɓarnar? Zan iya riƙe kuɗin nan a madadin asarata? Wasu kuma suna ce mini kai ƙarar maƙwabci ba hali ne na Musulmi ba, in yi haƙuri kawai.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Ka sani bakinka kaɗai na ji, ban ji na Alhajin, wato maƙwabcin naka, ba, don haka abin da zan faɗa yana tsaye ne a kan cewa yadda ka ba da labari haka abin yake.

Maganarsa cewa ruwan sama daga Allah ne gaskiya ce, amma ba ta amsa abin da ake tambayarsa ba. Babu wanda ya tuhume shi da saukar da ruwa. Abin da ake tambaya shi ne wa ya toshe kwata, wa ya juya indararo. Da a ce "daga Allah ne" tana kore biyan ɓarna, da babu mai biyan komai a duniya, domin babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarar Allah. Raƙumar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sai Annabi (SAW) ya yi hukunci cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Raƙuma ba ta da hankali, yunwarta ma Allah ne ya sa mata, amma aka bi ta kanta aka kama wanda ya yi sakacin ɗaure ta. Irin wannan shari'a ce aka kawo wa Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana a Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da 79, ta tumakin da suka shiga shuka da dare.

Malamanmu na Malikiyya sun jera misalan da suka fi kama da naka. A Muhtasar na Shaihu Halil an ambaci wanda ya hura wuta a ranar da ake iska mai ƙarfi ta tashi ta cinye kayan wani, aka ce zai biya. Iskar ba tasa ba ce, amma shi ya ba ta abin da za ta ɗauka. Haka ruwan nan: ba a iya kama shi a ce ya biya, sai a koma kan wanda ya canza masa hanya ba bisa haƙƙi ba. Tushen wannan babi duka shi ne hadisin "La darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa. Ibnu Abi Zaid ya kawo shi a Risala, ya bi shi da misalai, daga ciki har da haƙa ramin da zai cutar da maƙwabci ko da a cikin filin mai haƙan ne. Ka lura da wannan ƙarshen. "Ai a cikin gidana na yi" ba hujja ba ce idan cutar ta tsallaka katanga. Kuma ba sai an tabbatar da cewa ya yi da mugun nufi ba, don a sha'anin dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya ne wajen biya, a zunubi ne suke bambanta. Balle ma an gargaɗe shi sau uku, biyu a gaban shaidu.

Akwai abin da adalci ya sa dole in faɗa saboda masu irin wannan matsala, don Jos gari ne na duwatsu da tudu da gangare, kuma a watannin Yuli da Agusta ruwa ba ya wasa. Wanda gidansa ke ƙasa ba shi da ikon hana ruwan da ke gangarowa daga sama ta hanyarsa ta asali. In da ruwan ya bi tsohuwar kwatarsa ne ya yi yawa ya fi ƙarfinta, irin ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare da unguwarku, da babu abin da za ka nema a wajensa. Abin da ya sa hukunci ya hau kansa shi ne cutar sabuwa ce, shi ya ƙirƙiro ta. Kuma ka kyauta da ba ka yi shiru ba. A Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, an ce wanda aka ƙirƙiro wa cuta yana nan yana gani ya yi shiru shekara 10, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Kunyar maƙwabci tana iya cinye wa mutum haƙƙinsa.

Sai maganarsa ta biyu, cewa katangar ta tsufa. Wannan kam ba a jefar da ita ba, kuma na san ba za ka so jin haka ba. Tsufan katanga ba ya kore biya, don tsohuwar katanga ma dukiya ce, kuma ta yi daminu da yawa a tsaye kafin a sakar mata indararo uku. Amma yana shafar yawan abin da za a biya. Shari'a tana mayar da mutum inda yake kafin ɓarna, ba ta ɗaga shi sama da nan. Katangar ƙasa ce ta faɗi, ƙimar katangar ƙasa irin wadda ta faɗi za a ba ka. In kana son ka tayar da ta bulo da siminti, ƙarin daga aljihunka ne, sai fa in shi ya ga dama ya cika. Ba kai za ka yanke kuɗin ba, ba shi ba. A samo magina biyu amintattu waɗanda ba su da dangantaka da ɗayanku, su duba gindin katangar, su faɗi abin da ya kayar da ita da abin da za ta ci. In suka ce dama ta tsage tana shirin faɗuwa, ruwan ƙarasa ta kawai ya yi, sai a rage gwargwadon haka. Ka ɗauki hoton wurin tun kafin a kwashe ƙasar, in ba a riga an kwashe ba, don hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musanta.

Kayan ɗan haya haƙƙinsa ne shi, ba ka da ikon yafe su a madadinsa. Masara abin awo ce, ana biyan ta da irinta, buhu biyu a kan buhu biyu. Keken ɗinki kuwa, in gyaruwa zai yi a biya gyaran da abin da ya ragu na darajarsa. In ya tashi daga aiki, tela yana da zaɓi: ya karɓi ƙimarsa duka ya bar musu ƙarfen, ko ya riƙe abinsa a cika masa abin da ya ragu. To amma a nan ina da tambaya gare ka, ka amsa wa kanka tsakaninka da Allah. Kafin daren nan, ka ga katangar ta karkata? Ɗan hayar ya taɓa nuna maka? Domin malaman da suka ce maƙwabcinka zai biya su ne suka ce mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, yana da halin gyarawa ko tokarewa bai yi ba, shi ma zai biya abin da ta danne. In haka ta faru, kana da kaso a cikin asarar telan, kuma laifin Alhaji ba zai wanke ka ba.

Gilashin mota bashi ne a kan ɗanka. Baligi ne, shi zai biya daga dukiyarsa, ba a ɗora maka sai in kai ka sa shi, ko da yake in ka biya masa ka yi aikin uba. Kada ka ce ai ramuwa ce. Ayar Suratul Baƙara ta 194 da ta ba da izinin ramawa da kwatankwacin abin da aka yi wa mutum ba ta buɗe ƙofar a lalata dukiya don huce haushi ba. Wanda aka yi wa ɓarna biya yake karɓa. Lokacin da ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ta fasa akushin kishiyarta, bai ce a je a fasa nata ba, ya riƙe fasasshen ya aika da lafiyayye. Ban da haka, abin da yaron ya yi laifi ne a dokar ƙasa, ya miƙa wa Alhaji sandar da zai dake ku da ita a ofishin 'yan sanda. Shawarata a saka kuɗin gilashin cikin lissafi ɗaya da na katanga, a cire ƙarami daga babba da yardar kowa.

Kuɗin adashe kuwa, ka ba shi abinsa. Na san akwai saɓanin malamai a kan wanda ya samu dukiyar wanda ya zalunce shi, ko zai iya cire haƙƙinsa daga ciki. Waɗanda suka halatta sun sa sharaɗi: haƙƙin ya kasance tabbatacce, kuma a amince daga fitina da zubewar mutunci. Naka bai cika ko ɗaya ba. Har yanzu babu wanda ya ƙayyade nawa kake bin sa, kai ne mai ƙara, in ka riƙe kuɗin ka zama kuma alƙali. Sannan kuɗin amana ce da 'yan layi suka damƙa maka, kuma a hadisin Abu Dawuda da Tirmizi an ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Ranar da ka riƙe kuɗin nan, labarin unguwa zai tashi daga "Alhaji ya rushe katangar Malam" ya koma "Malam ya cinye adashe". Abin da ya halatta shi ne ka kai kuɗin wurin zaman sulhu, ka miƙa masa a gaban jama'a, in ya ce a cire daga ciki, shi ke nan.

Masu ce maka ka yi haƙuri kawai sun faɗi rabin magana. Yafiya falala ce babba, Suratush Shura aya ta 40 ta ce ladan wanda ya yafe ya gyara yana wajen Allah, amma aya ta gaba ta ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Abin da ke ba ni mamaki a unguwanninmu shi ne duk wa'azin haƙƙin maƙwabtaka a kan wanda aka cuta ake sauke shi. Hadisin da Annabi (SAW) ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba, ai mai indararo ya kamata liman ya karanta wa. Wani mutum ya kai wa Annabi (SAW) kukan maƙwabcinsa, ya ce masa ya je ya yi haƙuri. Da ya dawo sau biyu ko uku, sai ya ce masa ya fitar da kayansa ya zube a kan hanya. Mutane suka riƙa tambaya, yana ba su labari, suna tsine wa maƙwabcin, har ya zo da kansa ya ce ya koma gida, ba zai ƙara ganin abin ƙi ba. Ka ga haƙurin yana da iyaka, kuma bayan iyakar ba duka aka ce ya yi ba, ba ɓarna ba, jama'a aka sa ya sanar.

Don haka ka sake neman zama, da liman da mai unguwa da maginan nan biyu da ɗan hayarka, a rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu, da ranar biya. In ka sauƙaƙa masa wani abu don a rufe maganar, ka yi koyi da Ka'abu ɗan Malik da Annabi (SAW) ya yi wa ishara ya yafe rabin bashinsa, ya kuma ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. In ya ƙi zama ko ya saɓa, kai ƙara halal ne, ba ka yi zunubi ba. Toshe magudanar ruwa da gini a kanta abu ne da hukumar tsara birnin Jos, JMDB, take da hurumi a kai, batun diyya kuma na kotu ne, lauya zai nuna maka wadda ta dace. Abu ɗaya nake roƙo: kada a tara matasa. Garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya san yadda ƙaramar magana ke girma. Kuma ga wanda maƙwabcinsa ba Musulmi ba ne, hukuncin nan bai canza ko kaɗan ba, ko shi ya yi ɓarnar ko shi aka yi wa.

Gaisuwa kuwa ka dawo da ita gobe da asuba, don ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku bai halatta ba, kuma sallama ba ta nufin ka yafe kuɗin katanga. A wurin zaman, kafin a taɓa maganar kuɗi, a fara da kawar da cutar: a ɗauke indararon nan daga gindin katangarka, a buɗe wa ruwa hanya zuwa lambatu, ko da sai an fasa wani sashe na shagon, kuma kuɗin aikin nasa ne. Kada ka ɗora tubali ko ɗaya kafin a yi wannan.

Allah ne mafi sani.