Yaya ga amsar tambayarka kan karatun kunne da Ummi take yi

Yaya barka da warhaka, na ga saƙonka tun shekaranjiya inda kake cewa wai mu mazauna Ingila me ya sa muke barin yara su ƙare shekarunsu a karatun kunne ga likitanci a zaune, kuma wai da gaske ne har jariri ake gwada wa ji. Wallahi sai da na yi dariya don nima abin da na ce kenan ranar da Ummi ta zo min da maganar, na ce ke duk jikin ɗan Adam kunne kawai kika gani?

Toh ba likita ba ce, ba ta fiɗa, wannan na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Nata fannin odiyoloji suke ce masa, auna ji da saita wa mutum na'urar ji da koya masa sabawa da ita. Digirin farko shekara 3, ta yi aiki a asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati a nan, ta koma ta yi na biyu, yanzu tana na uku tana kuma ɗan koyar da ɗalibai. Kuma ba sabon abu ba ne a nan, Jami'ar Manchesta tun 1919 take da sashen horar da malaman kurame. Kuɗi kam kar ka sa rai, aikin jami'a da farko kwantiragi ne na shekara biyu ko uku kullum ana rubuce-rubucen neman kuɗin bincike, uwarta har yau tana mita.

Maganar jariri gaskiya ce. Tun 2006 duk jaririn da aka haifa a Ingila ana yi wa iyayensa tayin gwajin, yawanci kafin a sallami mai jego, wani ɗan abu mai laushi ake sa masa a kunne yana barcinsa ya riƙa ƙas ƙas, lafiyayyen kunne da kansa yake mayar da 'yar amsa na'ura ta kama, wani David Kemp ya gano haka a Landan a 1978. Cikin jarirai 1,000 ana samun ɗaya ko biyu da matsala mai ɗorewa. Shi ya sa yanzu in ka je suna a cikinmu za ka ji mata bayan barka da arziki suna tambayar ya ci gwajin kunne? Zancen nan na gida, ai nauyin baki ne ubansa ma sai da ya shekara huɗu, mun rage shi sosai, don an nuna mana shekarun farkon nan su ne na kama magana.

Inda muke fama shi ne dattawanmu. Na'urar jin kyauta NHS take bayarwa amma kunya, akwai wani Alhaji da muke sallar Juma'a tare, janyo hularsa yake ta rufe kunnen gaba ɗaya sai abin ya kama fito a tsakiyar huɗuba kowa na waige. Kuma kalmomin da ake sa mutum ya maimaita a gwajin ji na Turanci ne, a ce tsohuwar da ta zo riƙon jikoki daga Zariya ta maimaita, ta yi shiru, shin ba ta ji ba ne ko ba ta gane ba? A nan Ummi ta kafa bincikenta, tana tattara kalmomin Hausa na gwaji, da wuya fa don fari na launi da fari na rashin ruwa karin murya ne ya raba su.

Shi kuma jikan naka da ka ce tun da ya yi sanƙarau ba ya waigowa in an kira shi, don Allah kar a jira ya shiga makaranta, sanƙarau na taɓa ji. A kai shi sashen kunne na asibitin Malam Aminu Kano a auna, ka ɗauki hoton takardar ka turo min ta WhatsApp in nuna wa Ummi.