Makin bai sauya ba, to gwajin ya inganta ke nan?

Ƙanwata daga Maiurno ta ƙasar Sudan, kin ce kun yi wa ɗalibanku gwajin basira da Larabci sau biyu, maki ya fito kusan iri ɗaya, shin hakan ya isa? Gaskiya bai isa ba.

Ɗauki sikelin mai nama da ke ƙara giram 200 a kowane awo. Yau ki auna, gobe ki sake, amsa ɗaya zai ba ki, kuma duk ƙarya. Abin da kika tabbatar shi ne gwajin ba ya tangal-tangal. Ma'aunin alfa na masanin halayyar ɗan Adam Lee Cronbach, na 1951, da ake so ya kai 0.70, shi ma nan ya tsaya: yana duba ko tambayoyin sun tafi tare.

Inganci kuwa, me gwajin yake aunawa a zahiri? Yaron da ya sha Hausa a nono, a tambaye shi da Larabcin littafi, ya yi zuru yana juya fensir, Larabcinsa kika auna, ba kaifin ƙwaƙwalwarsa ba.

Da ni ne, da na haɗa da gwajin basira na Raven na 1938, mai zane-zane zalla. Sai dai shi ma yana fifita yaron da ya saba da takarda.