Mako guda a gaɓar tekun Kerry ta ƙasar Ayilan da iyali: ta ina za a fara, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a Manchester, ina zaune da maigidana da yaranmu biyu, ɗan shekara 13 da 'yar shekara 6. Mahaifiyata za ta zo mana daga Kano a watan Agusta da bizar Birtaniya, muna so mu kai ta yammacin Ayilan ta ga teku, hutun kwana bakwai. Mun lissafa Killarney da Dingle da tsibirin Skellig da Cliffs of Moher da Giant's Causeway. Dukanmu fasfon Najeriya muke riƙe da shi. Zai yiwu kuwa? Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya kawo Hajiya lafiya. Tafiyar za ta yiwu, amma ba da wannan jerin ba, kuma ba daga taswira za ku fara ba. Daga takardu za ku fara.

Bizar Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Jamhuriyar Ayilan. Izinin zama da ku kuke da shi a Ingila ma haka. Yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin ƙasashen biyu ta 'yan ƙasa ce, masu fasfon Birtaniya ko na Ayilan. Ayilan kuma ba ta cikin yankin Shengen, don haka bizar Faransa ko Jamus ba ta da amfani a can. Kowannenku, har da ƙaramar, yana buƙatar bizar gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90. Ana cika fom ɗin a intanet, kuɗin shiga sau ɗaya yuro 60, na shiga sau da yawa yuro 100. Ku huɗu za ku nema daga Ingila tunda nan kuke zaune. Hajiya kuwa tun tana gida za ta nema, ta hannun ofishin jakadancin Ayilan da ke Abuja, kuma za a ɗauki hoton yatsunta. Kada a bari sai ta sauka Manchester a ce za a nema mata. Ana karɓar takardu tun saura wata uku a yi tafiya, to ku miƙa da an buɗe ƙofar, domin lokacin zafi layi yake yi. Wani zai ce miki ai ta Belfast, babban birnin Ayilan ta Arewa, ba a tsayar da kowa a kan iyaka. Rashin shinge bai halatta shigar ba, kuma jami'ai suna hawa bas da jirgin ƙasa su duba takardu. Mai aiki da izinin zama bai kamata ya saka kansa a wannan ba.

Sai jerin naku. Giant's Causeway a Ayilan ta Arewa yake, wato yankin Birtaniya, can ƙarshen arewa, Kerry kuma, gundumar da Killarney da Dingle suke ciki, a kudu maso yamma take. Tuƙin da ke tsakaninsu ya haura awa shida. Ku cire shi, wata rana kwa je daga Ingila ba tare da wata biza ba. Cliffs of Moher a gundumar Clare suke, kusan awa uku daga Killarney, zuwa da dawowa sun cinye wuni. Su ma zan ce ku bari, domin Kerry tana da nata gangaren duwatsun da za su wadatar da ido. Hanyar yawon gaɓar tekun yamma da aka buɗe a 2014, Wild Atlantic Way, tsawonta wajen kilomita 2,500 ne daga Donegal zuwa Kinsale, kuma masu ƙoƙarin cinye ta a mako guda gilashin mota kawai suke kallo. Kwaɗayi mabuɗin wahala, balle da dattijuwa da ƙaramar yarinya a kujerar baya. Kerry kaɗai ta ishe ku: kwana huɗu a Killarney ko Kenmare, kwana biyu ko uku a Dingle.

Idan kuna da mota, ku tafi da abarku. Daga Manchester zuwa tashar jirgin ruwa ta Holyhead wajen awa biyu ne, jirgin fito zuwa Dublin awa uku da 'yan mintoci, daga Dublin zuwa Killarney kuma wajen kilomita 300, kusan awa huɗu. Wuni ne cur, amma kun huta da kuɗin haya, kuma but ɗin motar zai ɗauki shinkafa da yaji da tukunya. A hagu ake tuƙi kamar Ingila, sai dai allunan hanya da kilomita suke magana, ba mil ba, kuɗi kuma yuro. A babbar hanyar M50 da ta kewaye Dublin akwai harajin hanya da ba shi da shinge, kyamara ce ke ɗaukar lamba, kuma sai an biya kafin ƙarfe 8 na daren washegari. Idan jirgin sama kuka zaɓa, ku sauka Cork ko Shannon ko ƙaramin filin Kerry da ke Farranfore, ku yi hayar mota tun da wuri. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, otomatik ta fi tsada kuma tana saurin ƙarewa. Doka ta wajabta kujerar yara ga yaron da bai kai santimita 150 ko kilo 36 ba, don haka ƙaramar da kujerarta za ta tafi. Jirgin ƙasa yana zuwa Killarney da Tralee daga tashar Heuston, yawanci da canji a Mallow, amma ba ya zuwa Dingle, kuma wuraren da kuka zo gani ba a bakin tasha suke ba.

Rana ta farko a Killarney ta hutu ce. Gandun dajin da ke daf da garin shi ne na farko da ƙasar ta keɓe, tun 1932, fili ne da ya haura hekta 10,000 na tafkuna da dazuzzuka da barewa, kuma shiga kyauta ne. Gidan Muckross, wanda aka gama a 1843 kuma Sarauniya Biktoriya ta sauka cikinsa a 1861, yana da lambuna shimfiɗaɗɗu da Hajiya za ta taka ba tare da hawa ba. Ruwan Torc mai zubowa daga dutse tafiyar 'yan mintoci ce daga wurin ajiye mota. Akwai masu keken doki da ke zagayawa da baƙi a cikin gandun da kuma mashigin Gap of Dunloe, kuma shi ne abin da ya fi dacewa da ita. A yi ciniki a gama kafin a hau.

Babbar ranar ita ce ta Ring of Kerry, zoben hanya mai kilomita 179 da ya kewaye zirin ƙasar Iveragh. Waya za ta ce miki awa uku da rabi. Kada ki yarda, wuni ne. Hanyar tana da kwana-kwana, tumaki suna tsallakawa, kuma kowane lungu sai wani ya ce a tsaya. Manyan bas na 'yan yawon buɗe ido duk ɓangare ɗaya suke bi, daga Killarney zuwa Killorglin, Glenbeigh, Cahersiveen, Waterville, Sneem, su dawo ta Kenmare ko Moll's Gap. A nan ne masu ba da shawara suka rabu. Wasu sun ce ka bi ɗaya ɓangaren don kada ka maƙale a bayansu, wasu sun ce ka bi sahunsu don kada ku yi kiciɓis a kwana. Ga wanda bai saba da hanyar ba, ni na biyun nake zaɓa: ku bi ɓangaren da suke bi, amma ku fita da ƙarfe 8 na safe, kafin su gama kwasar fasinja. Haɗuwa da bas gaba da gaba a siririyar kwana, teku a ƙasa, ba abin da zai yi wa Hajiya daɗi ba ne. Ku lura da kwanan wata kuma: daga 10 zuwa 12 ga Agusta ana bikin Puck Fair a Killorglin, inda ake kamo bunsurun dawa a naɗa shi sarkin gari na kwana uku. Abin kallo ne, amma hanya takan cushe.

Abin da ya fi kyau a zoben ba a kan zoben yake ba. Bayan Cahersiveen ku sauka daga babbar hanya ku nufi Portmagee, inda manyan bas ba su cika bi ba. Nan ne Kerry Cliffs, gangaren da ya kai wajen mita 300 a kan teku, alhali mafi tsawon na Moher mita 214 ne. Akwai ɗan hawa daga wurin ajiye mota, a bi da Hajiya a hankali. Gada ta haɗa Portmagee da tsibirin Valentia, inda aka jawo wayar tangarahu ta ƙarƙashin tekun Atlantika zuwa Newfoundland da ke Kanada a yau, ta farko a 1858 da ba ta daɗe ba ta lalace, sai ta 1866 da ta ɗore. Kafin nan saƙo tsakanin Turai da Amurka sai jirgin ruwa ya kai shi, fiye da mako guda. Babban yaronki zai ji daɗin wannan labarin fiye da yadda kike zato. A hanyar dawowa ku tsaya Derrynane, gidan Daniel O'Connell, ɗan siyasar da ya yi fafutukar 'yancin Katolika a ƙarni na 19. Rairayin da ke bayan gidan yana cikin mafi kyau a yankin.

Skellig Michael kuma sai an yi magana ta gaskiya. Dutse ne tsaye a tsakiyar teku, kilomita 12 daga gaɓa, inda wasu Kiristoci masu zuhudu suka gina ɗakunan dutse fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. Ana sauka ne daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba, mutum 180 kacal a rana, kujerun kuma tun watanni kafin lokaci ake kama su. Matakala sun haura 600, na dutse, masu santsi, galibi ba abin dafawa, kuma an taɓa rasa rayuka a kansu. Ba wurin Hajiya ba ne, ba wurin 'yar shekara 6 ba ne, masu jiragen ma da yawa ba sa ɗaukar ƙananan yara. Idan maigida da babban yaron suna so, su kama kujera a farkon kwanakinku, domin idan teku ya tashi ana soke tafiyar da safiyar ranar, sai a samu damar sake gwadawa. Sauran ku akwai jirgin da ke zagaya tsibiran ba tare da sauka ba, ya wuce ta ƙaramin Skellig da dubban tsuntsayen teku suka rufe. Wanda bai taɓa hawa teku ba ya sha maganin jiri tukuna. In Hajiya ta ce a bakin gaɓa za ta jira, kada a matsa mata.

Daga Killarney zuwa Dingle awa ɗaya da kwata ne, ta rairayin Inch mai tsawon wajen kilomita 5. Zagayen Slea Head bai kai kilomita 50 ba, amma a ganina ya fi zoben Kerry, domin teku ba ya ɓace wa ido. Shi kuma ana bin sa ne daga Dingle ta Ventry zuwa Dunquin, yadda kowa ke bi. Daga Dunquin ana hango tsibiran Blasket, waɗanda aka kwashe mutanensu na ƙarshe a 1953 bayan matasa sun watse kuma teku yana yanke su daga likita da kasuwa makonni. Akwai cibiyar tarihinsu a nan, ta dace da ranar ruwa. Gaba kaɗan akwai Gallarus, ɗakin ibada na duwatsu da aka jera kamar kwalekwale a kife, ɗaruruwan shekaru ruwa bai ratsa shi ba. Yankin na masu harshen Ayilan na asali ne, allunan hanya da yawa da shi aka rubuta, don haka in kun ga An Daingean, Dingle ke nan. Mashigin Conor Pass, mita 456 a sama, wani wurin mota ɗaya ce ke wucewa. In akwai hazo ku bar shi.

Agusta a can ba zafi ba ne. Awon zafi yakan tsaya tsakanin digiri 15 da 19, da iska, da yayyafin da ke zuwa ya tafi sau da yawa a wuni. Ga wadda ta fito daga Kano wannan sanyi ne sosai. A tanadar mata rigar sanyi da safa da takalmi rufaffe da rigar ruwa. Lema ba ta jure iskar gaɓa. Kowace safiya ku duba hasashen Met Éireann, hukumar yanayin ƙasar, ku ba rana mai haske tafiyar gaɓa, ranar ruwa kuma gidajen tarihi. Saboda haka ne ba na son jadawalin da aka ɗaure kowace rana da wurinta. Ruwan tekun yana da sanyi kuma yana ja. Yara su shiga kawai inda akwai masu ceto, tsakanin tutoci masu ja da rawaya. Jar tuta tana nufin kada a shiga. Rairayin Coumeenoole da ke Slea Head na hoto ne, ba na wanka ba. Lambar gaggawa 112 ko 999.

Masauki ku nemi gidan haya mai kicin, ba ɗakunan otal ba. Ku biyar ne, zai fi araha, kuma zai warware matsalar abinci. Karin kumallon da ake alfahari da shi a masaukan ƙasar cike yake da naman alade, har da wani tsiran da ake yi da jini. Kifi kuwa ga shi nan sabo, musamman a Dingle da Portmagee, sai dai ku tambaya: ƙullun da ake soya shi da shi wani lokaci da giya ake kwaɓawa, miyar kifin nan mai kauri kuma wasu suna sa mata naman alade ko ruwan inabi. Ba sa jin haushin tambaya. Naman halal ku saya a Dublin ko Tralee ko Killarney kafin ku nutsa ƙauyuka. Akwai masallaci a Tralee idan Juma'a ta same ku. Kada ku yi aiki da jadawalin sallar Manchester, domin ko da yake agogo ɗaya ne, Kerry tana can yamma, azahar tana jinkirta da kusan rabin awa, magariba kuma a tsakiyar Agusta wajen ƙarfe 9 na dare take.

Agusta lokacin hutun makarantu ne, Litinin ta farko a watan kuma ranar hutu ce a ƙasar, don haka gidaje a Dingle da Killarney suna ƙarewa tun bazara. Ku kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, ku haɗa takardar cikin neman bizar, tikitin jirgi kuma a jira sai biza ta fito. Ranar komawa kada ku haɗa tuƙi daga Dingle da jirgin fiton safe. Tafiyar ta kai awa huɗu da rabi zuwa biyar, don haka ku ɗauki na yamma, ko ku kwana kusa da Dublin.