Endo bai samu Nobel ba, ko aikinsa bai kai ba ne?

Malam, tambayarka ita ce ko rashin kyautar Nobel na nuna binciken Akira Endo kan kitsen jini bai kai na Brown da Goldstein ba. A'a, ko kusa. Su biyun a Dallas ta Amurka suka gano yadda ƙwayoyin jiki ke cafke kolestarol na LDL, wato nau'in kitsen jinin da ke toshe jijiyoyi, su tsame shi daga jini, aka ba su Nobel a 1985. Shi kuwa Endo, a kamfanin Sankyo na Japan, funfuna ya zauna yana gwadawa, iri dubbai, ɗaya bayan ɗaya, har a 1973 ya dace da sinadarin da ke taka wa hanta burki wajen haɗa kolestarol. Tushen magungunan statin masu rage kitsen jini ke nan, na farkonsu da ya shiga kasuwa shi ne lovastatin, a 1987. Ayyukan ma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: statin na rage abin da hanta ke haɗawa, sai ita kuma ta ƙara zuƙo LDL daga jini ta hanyar da su Brown suka gano.

Ni a gidanmu na ga amfanin aikinsa. Mahaifiyata ta yi gwaji aka ce kitsen ya hau, likita ya ɗora ta kan 'yar ƙwaya guda kullum da dare, tana ajiye ta kusa da carbinta don kada ta manta. Bayan wata uku muka koma, sakamakon ya sauko. Amma fa sai da gwaji da umarnin likita, don wasu yakan sa musu ciwon tsoka, masu juna biyu kuma ba a cika ba su ba.