Idan Aka Cefanar da Aikin Hasumiyar Jiragen Sama, Ina Makomar Ma'aikata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana neman gurbi a kwalejin jiragen sama ta Zariya don ya koyi aikin kula da zirga-zirgar jirage. Na ji wasu ƙasashe sun miƙa wannan aiki ga kamfanoni. In aka yi haka a nan, kamar yadda aka yi da wutar lantarki a 2013, ba za a rage ma'aikata a jefa fasinjoji cikin haɗari ba? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaro sa'a. A nan gida aikin yana hannun gwamnati, ƙarƙashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya da aka kafa a 1999.

Cefanarwar ba iri ɗaya ba ce. Kanada ta miƙa nata a 1996 ga Nav Canada, kamfanin da ba ya raba wa kowa riba. Birtaniya kuwa ta sayar da wani kaso na NATS, kamfaninta mai kula da zirga-zirgar jirage, a 2001, gwamnati ta riƙe kashi 49 cikin 100. Dukansu sun yi suna wajen tsare rayuka. Inda gizo ke saƙar shi ne, kuɗinsu daga jiragen da ke tashi yake fitowa. Da korona ta tsayar da jirage a 2020, Nav Canada ta sallami ɗaruruwan ma'aikata. Shi kuwa mai kula da zirga-zirgar jirage shekaru ake yi ana horas da shi, ba a samo madadinsa cikin mako guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne daren 1 ga Yuli, 2002. Jirage biyu suka yi karo a sararin samaniyar kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu, da yawansu yara 'yan makaranta daga Rasha. Mai kula da jiragen daga birnin Zurik na Suwizalan shi kaɗai ne kan allon sa ido biyu. Abokin aikinsa ya tafi hutawa, ana gyaran na'urori, wayar ma ta ƙi shiga. Kuma kamfanin da yake wa aiki, Skyguide, kusan gaba ɗaya mallakar gwamnatin Suwizalan ne.

Shi ya sa ba na fara tambayar wa ya mallaki aikin. Ina tambayar mutum nawa ne ke bakin aiki da tsakar dare, awa nawa suka yi ba su runtsa ba, kuma wa ke da ikon tsawatarwa. A Najeriya wannan iko na NCAA ne, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama, ita ke ba da lasisi. Muddin ba ta da ƙarfin hana kamfani rage mutane don tsimin kuɗi, ni ban goyi bayan cefanarwa ba.

Ku tuna 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida aka karkato jirage Kaduna. Irin wannan nauyi na faɗowa ne gaba ɗaya, kuma sai da horarrun mutane a ajiye ake iya ɗaukarsa. Ku bar yaro ya nemi gurbinsa, Malam. Ya dage da Turanci, domin da shi zai riƙa magana da matuƙa.