Karatun aikin jin daɗin jama'a da bashin ɗalibai: albashin zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi. Na samu gurbi a jami'ar KNUST zan karanta aikin jin daɗin jama'a. Babana tela ne, ba zai iya ɗaukar nauyin shekara huɗu ba sai na ci bashin ɗalibai. Kawuna ya ce aikin ba shi da albashin kirki, gara in koma aikin jinya. Shin abin da zan samu zai biya bashin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan gurbi. Kawunki bai yi ƙarya ba, wannan aiki ba ya sa mutum ya yi arziki. Amma inda yake hango haɗarin ba nan yake ba.

Mu fara da bashin. Asusun lamunin ɗalibai na gwamnati, SLTF, an kafa shi a 2005, kuma tun 2022 ba a neman wanda zai tsaya miki, katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana ya isa. Shekaru da dama abin da yake bayarwa sidi 1,500 ne zuwa 3,000 a shekara, da ruwa har kashi 12 cikin ɗari. An sanar da sauye-sauye a 2025, don haka ki karanta takardar da za ki sa wa hannu layi-layi. Amma mu yi lissafi da tsohon tsarin. Idan kin karɓi 3,000 sau huɗu, kin ci 12,000. Ana ba ki shekara biyu bayan kammalawa kafin a fara nema, ɗaya ta bautar ƙasa, ɗaya ta neman aiki, ruwan kuwa yana hawa kan ruwa duk wannan lokaci. Ranar da za ki fara biya, bashin ya kusa 20,000. Mai albashi a hannu zai iya sauke wannan a hankali. Kuma kada ki manta da tsarin da gwamnati ta ƙaddamar a 2025 na ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin makaranta a jami'o'inta. Ki cike takardunsa da wuri.

Abin da ke hana ni barci game da yaranmu shi ne tazarar da ke tsakanin gama bautar ƙasa da albashin farko. Alawus ɗin bautar ƙasa sidi 715 aka mai da shi a 2023, kuɗin mota da abinci sun cinye shi. Bayan nan, babban mai ɗaukar irinmu aiki ita ce gwamnati: ofisoshin jin daɗin jama'a na gundumomi, asibitoci irin su Komfo Anokye, kotunan iyali, shirin LEAP da ke tallafa wa gidaje marasa ƙarfi tun 2008. Duk waɗannan ba sa ɗaukar kowa sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini, izinin kuma ba ya zuwa kowace shekara. Na ga yara masu ƙwazo sun zauna shekara biyu, uku suna jira. A kan bashin 20,000, kowane wata na zaman jira yana ƙara miki kusan sidi 200. Ki gaya wa kawu, cikin ladabi, cewa ma'aikatan jinya ma wannan layin suke bi.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu sukan fi gwamnati biya, amma aikinsu na kwantiragi ne, yana ƙarewa da ƙarewar kuɗin aikin. Da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje, USAID, a 2025, mutane da yawa sun gane haka da jikinsu.

To me za ki yi? Ki tsaya a bashin gwamnati kaɗai. Abin da ke karya ɗalibai shi ne kuɗin ɗakin kwana, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin makaranta, sai su faɗa hannun masu ba da rance ta waya da ruwan wata-wata. Ke Allah ya rufa miki asiri, daga Aboabo zuwa Tek, wato KNUST, mota ce kawai. Ki kwana a gidanku ko da cunkoson safe zai gajiyar da ke. Digiri na biyu a Ingila ko Kanada da bashi kuwa, ki cire shi a ranki yanzu: bashin fam ko dala ba a biyansa da albashin sidi.

Sannan ki fara neman aikin tun kina aji biyu. Kina da abin da yawancin 'yan ajinki ba su da shi, wato Hausa, da sanin yadda ake shiga gidan Zango. 'Yar kayaye, wato 'yar dako, da ke kwana a gefen kasuwar Kejetiya, ko matar da mijinta ya daina ciyar da yara take kunyar zuwa ofis, ba za su buɗe ciki ga wanda ke magana da su ta bakin tafinta ba. Na sha ganin shari'ar ciyarwa ta warware a zaure, gaban liman da sarkin unguwa, saboda jami'ar ta san gaisuwa. Ki riƙe Dokar Yara ta 1998 da Dokar Cin Zarafi a Gida ta 2007 kamar karatun allo, ki koyi rubuta rahoto da aiki da kwamfuta. Masu ɗaukar aiki waɗannan suke dubawa.

Batun halaccin ruwan bashi ba ki tambaya ba, amma na san zai taso a gida. Wannan hukuncin malamai ne, ki kai wa malaminku takardar bashin ya gani da idonsa kafin ki sa hannu.

Kafin a koma makaranta, ki je ofishin jin daɗin jama'a na Asokore Mampong, wanda Aboabo ke ƙarƙashinsa, ki roƙi su bar ki ki zauna da su na mako guda. Ki tambayi ƙaramar jami'a nawa ke shiga hannunta bayan an cire haraji da kuɗin fansho na SSNIT, da shekara nawa ta yi kafin a ɗauke ta. Ki kawo min amsoshin nan biyu, mu sake zama mu yi lissafin tare da babanki.