Filin Tambaya da Amsa: Masu kwana ƙarƙashin gada, a kwashe su ko a ƙyale su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kano, ina da shagon atamfa. Kullum da safe sai na tarar mutane sun kwana a barandarmu, wani ma a nan zai yi fitsari, kwastoma ta zo tana toshe hanci. Mun sha musu da ƙanena, ni ina cewa gwamnati ta turo Hisba a kwashe su duka a maida kowa garinsu, shi kuma yana cewa zalunci ne tunda ba su da wajen zuwa. Don Allah wa ke da gaskiya a cikinmu?
— Wani mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar fitsarin nan kana da gaskiya, ba wanda zai biya kuɗin hayar shago shekara guda sannan ya fara wanke bayan gidan wasu kafin ya buɗe ƙofa. Amma batun kwashewa kam ƙanenka ya fi ka hujja, ba don tausayi kawai ba, don an gwada an sake gwadawa.

A Kanon nan an yi dokar hana bara a titi tun 2013 lokacin Kwankwaso, Ganduje ya sake sanar da haramcin a farkon 2020, da korona ta shigo kuma gwamnonin Arewa suka dinga loda almajirai a motoci ana maida su jihohinsu, wasu ma da aka kai Kaduna an gwada su an same su da cutar. A Abuja, ministan birnin Wike ya ba mabarata wa'adi a Oktoban 2024 su bar titi ko a kama su. Toh Alhaji ka leƙa danja yanzu ka gaya min ko sun ƙare. Mota ta sauke mutum a ƙauyensu, abin da ya koro shi yana nan, ba gona ba jari ga 'yan bindiga, sati biyu ya haɗa kuɗin mota ya dawo, sai dai wannan karon ya koma wani lungun da ba a ganinsa.

Kuma fa mu daina haɗa su a kwando ɗaya. Cikin masu kwana a barandarka ina da yaƙinin akwai ɗan dako ko mai tura baro da yake aiki tun asuba, ɗan ci-rani ne, yana da iyali a ƙauye, kawai dai ba zai iya biyan hayar ɗaki ta shekara a dunƙule ba ga kuɗin dillali. Wannan ba mabaraci ba ne, ƙila ma shi yake sauke maka dila. Akwai matar da ta gudo da 'ya'yanta daga Zamfara ko Katsina, in ka ce a maida ta garinsu, wane garin? Akwai mai taɓin hankali wanda asibiti yake buƙata irin na Dawanau, akwai yaron da shaye-shaye ya raba da gida, sai kuma almajiri wanda shi maganarsa tana wuyan uban da ya turo shi da malamin da ya karɓe shi. Motar kamu guda ɗaya ba za ta yi maganin duk waɗannan ba.

Kar ka ɗauka mu kaɗai ke wannan rigimar. A Amurka sai da magana ta kai kotun ƙoli, a Yunin 2024 ta yanke cewa birni zai iya hukunta mai kwana a waje, shari'ar wani gari ne da ake kira Grants Pass. Ni dai abin da nake tambaya, mutumin da ba shi da kuɗin ɗaki da me zai biya tara? Su kuma Finlan tun 2008 suka bi ta wata hanyar, suka ce a fara ba mutum ɗaki nasa tukuna ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya sami aiki ba, sauran gyaran ya biyo baya, kuma adadin marasa matsuguni ya ragu sosai a can. Na san za ka ce Malam ai Finlan mutanensu ba su kai miliyan shida ba kuma suna da kuɗi. Haka ne, ban ce mu kwafo ba.

Abin da nake ganin ya fi kusa da mu ai mun taɓa yinsa. Da can baƙo ya shigo gari akwai zaure, akwai mai unguwa, fatake suna da zango da mai masauki da ya san kowa da inda ya fito. Yanzu mun gina gidaje da get da maigadi, zaure ya mutu, masallatai ma ana kulle su bayan isha saboda ɓarayi, ba mu kawo komai a madadinsu ba. Me zai hana ƙungiyar 'yan kasuwa da ƙaramar hukuma su haɗa hannu su yi gidan kwana mai arha kusa da kasuwa da tasha, da makewayi da famfo, mutum ya biya kaɗan kowane dare, a rubuta sunansa? In akwai wannan, sai a ce wa mai kwana a baranda tashi ga inda za ka, kuma a lokacin ni ma ina bayan a hana. Kai ma Alhaji ka kai maganar gidan wanka da ba-haya wajen shugabannin layinku, rabin matsalarka daga nan take.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni kuma tambayata, sadakar da muke bayarwa a danja ba ita take ƙara mabarata ba? Mijina ya ce in daina.
— Wata uwargida daga Damagaram

AMSA: Hajiya barka kadai. Maigidanki bai yi ƙarya ba, inda ake samu nan ake taruwa, ku a Nijar kun ga yadda a Maris na 2022 aka kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarku daga Dakar a jirgi, yawanci mata da yara da suka tafi bara har Senegal. Amma ba zan ce ki rufe hannunki ba. Ki canja inda kike miƙawa. Ki duba bazawarar unguwarku da hayarta ta kusa ƙarewa, ko almajirin da yake miki aike ki ɗauki nauyin abincinsa da sabulunsa ki san malaminsa. Tsohuwar da kika gani a rana kuwa ki ba ta abinki, ba sai kin yi shawara da kowa ba.